Lambar Azurfar Jinpachi

Da safiyar Asabar, tun ba a buɗe shaguna ba, labari ya gama zaga garin Okunoyu cewa an shiga gidan Likita Oizumi an sace lambar yabon Jinpachi. Ko da Saje Tomeji ya iso, ya tarar da maƙwabta sun yi cirko-cirko a ƙofar gida, kowa ya cusa hannu a aljihu saboda sanyi, bakuna kuwa ba su san ana sanyi ba.

"Saje, kada ka wahalar da kanka," in ji mai shagon shinkafa. "Kowa ya san wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan lambar nan."

"To, na ji," in ji Tomeji. "Amma duk wanda ya taka mini bayan gidan nan, shi zan fara ɗaurewa."

Aka yi dariya, aka ja da baya.

Tomeji ɗan mafarauta ne. Ubansa da kakansa a bin sawun barewa da aladen daji suka tsufa, shi ma sai da ya iya karanta ƙasa kafin ya iya karanta takarda. Saura kaɗan ya ajiye kaki, kuma yawancin aikinsa a garin bai wuce nemo tsofaffin da suka ɓata a dutse wajen tsinkar ganye ba.

Shi kuwa Oizumi likitan haƙori ne da ya yi ritaya, babu bakin da bai leƙa ba a garin. Tun yana saurayi yake tara lambobin yabo, amma ba na soja ko na wasanni ba, sai waɗanda aka ba masu ƙirƙira: wanda ya ƙera fitila, wanda ya gyara masaƙa, wanda ya gano dabarar hana shinkafa ruɓewa a rumbu. Sarauniyarsu duka ita ce ta azurfa, wadda aka ba Unno Jinpachi, maƙerin garin nan, a wani baje koli na zamanin Sarki Meiji, saboda injin da ya ƙera mai ɗaga ruwa zuwa gonakin kan tudu da ƙarfin rafin kansa. Washegari Lahadi aka shirya nuna su duka a zauren gari.

Matar Likita, Sumie, ce ta shigar da Tomeji ɗakin lambobin. Kabad ɗin gilashi a buɗe, ba a fasa komai ba. Lambobi suna jere a kan jan ƙyalle, kowace da ɗan akwatinta na katako. Akwatin da ke tsakiya ne kaɗai wayam. Tagar da ke kallon lambu a ɗage take.

Likita na zaune, ya cusa hannuwa cikin hannun riga. Shi ya kira ofishin 'yan sanda da kansa.

"Wa ya gan ta daga ƙarshe, Likita?"

"Mu duka. Jiya da rana muka zauna, ni da Haga da wani baƙo daga Tokyo." Ya ƙura wa Tomeji ido, fuskarsa ta saki. "Ya babanka? Har yanzu yana hawa dutse?"

Uban Tomeji ya daɗe a ƙasa, Likitan ma ya je jana'izar.

"Ya huta, Likita."

"Hankalinsa ne a tashe tun safe," in ji Sumie da sauri. "Bari in kawo shayi, Saje."

Tomeji ya fita lambu ta gefe, yana bin jikin bango. An kwana ana zuba dusar ƙanƙara, ba ta ɗauke ba sai gab da wayewar gari. Ga sawu nan layi biyu tsakanin ƙofar baya da taga, ɗaya ya nufi gida, ɗaya ya nufi waje. Babban takalmin roba ne, irin wanda rabin mazan garin suke sawa. A bayan ƙofar kuwa motar share hanya ta riga ta wuce, ta shafe komai. Sama a lumshe take, farin ƙanƙara ya shanye inuwa, sawun ba ya faɗin abin da ya wuce girmansa. Tomeji ya ɗaure igiya ya kewaye wurin, ya ce da kansa sai rana ta fito.

*

Malam Haga, tsohon malamin kimiyya na makarantar gari, ya karɓe shi a gajeren tebur mai abin ɗumi a ƙarƙashi, ƙafafunsa cikin bargo. Shi ma mai tara lambobi ne, kuma tun suna samari suke gardama da Likita.

"Na san ni za a fara tambaya," in ji shi. "Ƙarya zan yi in na ce ba na sonta. Ni na fara ganin lambar nan a kasuwar tsofaffin kaya, na je neman aron kuɗi, na dawo na tarar mai cire haƙori ya cire mini ita daga baki."

"Ka yafe masa?"

"Haba! In na yafe masa, me za mu riƙa yi da yamma?"

Tomeji ya yi murmushi. "A wane hali ka gan ta jiya?"

"Baƙa wuluk, yadda ya kamata. Ka san azurfa in ta tsufa duhu take yi, kuma duhun nan shi ne shaidarta. Oizumi ya sha faɗa mana, wanda ya goge lamba ya kashe ta. Wani ɗalibina ya taɓa kai mata hannu ba safar hannu, sai da ya bar gidan yana kuka." Ya kurɓi shayi. "Ka bar ni, Saje. Je ka duba ɗan Tokyon nan. Idonsa kamar na kyanwa a shagon kifi."

*

Kurusu, baƙon nan na Tokyo, dillalin tsofaffin kaya, ya fito daga wankan ruwan zafi ke nan a masaukinsa, yana tsane wuya da tawul. Da Tomeji ya gaya masa abin da ya kawo shi, bai ko ji haushi ba.

"An bar akwatin?" ya tambaya.

"An bar shi."

"To ka cire ni, ka cire malamin makarantar. A jikin murfin akwatin nan aka rubuta sunan wanda aka ba, da shekara, da hatimin masu baje kolin. Lamba ba akwatinta kamar matafiyi ne ba takardu, ba mai karɓarsa. Da ni ne, akwatin zan fara sa wa a aljihu."

"Ka taya ta jiya?"

"Na taya, ya ƙi. Sau biyu ya ba ni labarin maƙerin daga farko har ƙarshe, kamar bai taɓa ba ni ba. Na ɗauka dabara ce ta korar dillali." Ya rataye tawul ɗin. "Amma akwai wata mata da ta kawo mana taliya ta ƙofar baya. Ta ajiye kwanuka, ta tsaya gaban kabad ɗin har sai da uwar gidan ta taɓa ta."

*

Shagon taliyar Unno Ritsuko da tsakar rana ba a samun wurin zama, ranar kuwa kujeru ne kawai ke kallon juna. Ita ce ta kai taliyar gidan Likita, kuma Jinpachi kakan mahaifinta ne. A bakin ƙofa ga babban takalmin roba nan, ƙanƙara na narkewa a jikinsa.

"Na marigayi mijina ne," in ji ta, ganin inda idonsa ya tsaya. "Da shi nake share ƙofar shago. Ɗauka ka gwada, Saje, tun safe garin nan ya riga ya gwada mini shi."

"Zuba mini mai zafi tukuna. Yunwa nake ji."

Ta zuba masa. Yana ci take magana, ba ta jira tambaya ba.

"Na roƙe shi, ba zan ɓoye ba. Ba cewa na yi ya ba ni ba. Kakana ne ya sayar da ita bayan yaƙi, da yunwa ta ci ƙarfinsu, ciniki ya faɗa, ya wuce. Cewa na yi ya ara mini yini ɗaya, ranar tunawa da mutuwar Jinpachi, in ajiye ta gaban allon sunansa da muke kunna wa turare a gida. Ya ce hayaƙin turare zai ɓata ta. Na yi fushi, na faɗi magana a gidan wanka, mata suka ji. Yau ga abin da bakina ya jawo mini."

Da ya gama, ya roƙe ta ta raka shi bayan shago ta nuna masa inda take ajiye kekenta na kai abinci. Ba keken ya dame shi ba. Ta sa takalmin ta shiga gaba, shi yana bayanta yana kallon ƙasa. Doguwar mace ce, takunta mai faɗi, kuma ta cusa tsumma a cikin takalmin har ya kama ƙafarta, sawunta yana fita tas.

"Za ka kama ni?" ta tambaya.

"Taliyar ta yi daɗi," in ji shi. "Kada ki rufe shago."

*

Da la'asar gajimare ya yaye. Tomeji ya koma lambun Likita, ya tarar rana ta kwanta, haskenta na shigowa a kaikaice, kowane sawu ya sami inuwarsa. Ya durƙusa ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Takun gajere ne, bai dace da girman takalmin ba. A bayan kowane sawu akwai ɗan jan layi inda dunduniya ta ja ƙasa. Ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi.

Layukan biyu ba su taɓa juna ba sai a wuri ɗaya, tsakanin fitilar dutse da tsohuwar bishiya, inda hanya ta matse har mutum ba shi da zaɓin inda zai sa ƙafa. A nan wani sawu ya hau kan wani. Tomeji ya kwantar da kumatunsa kusa da ƙanƙara, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe a hankali yana kakkaɓe gwiwa, ransa bai yi masa daɗi ba.

Sumie ta kawo masa shayi a baranda. Likita ya biyo ta, ya zauna, ya fitar da hannuwansa daga cikin riga ya karɓi nasa kofin. Hannun likita ne, mai tsabta, sai dai a ƙarƙashin faratansa da cikin layukan yatsunsa akwai baƙi-baƙin da sabulu bai fitar ba. Ya sha, ya yaba kyan yamma, ya koma ciki.

"Uwargida," in ji Tomeji, yana kallon lambu, "gobe da safe zan tara su a nan, kafin a tafi zauren gari."

Ta dubi igiyar da ta kewaye sawun.

"Na ci abinci a shagon Ritsuko yau. Ni kaɗai ne."

Sumie ta juya kofin da ke hannunta. "Ko mutum ɗaya bai shiga ba?"

"Ko ɗaya."

Ta sunkuyar da kai, ta tattara kofuna.

*

Lahadi da safe suka zauna a ɗakin lambobi: Haga da Kurusu a gefe ɗaya, Ritsuko can kusa da ƙofa da jakarta a cinya, Likita a wurinsa, Sumie a bayansa.

"Ba zan ja ku da nisa ba," in ji Tomeji. "Ni ban san lamba ba, sawu na sani. Ɓarawo in ya zo gida, shigowa yake fara yi, sannan ya fita. Saboda haka in sawunsa biyu suka haɗu, na fita ne zai hau kan na shiga. A lambun nan, wajen fitilar dutse, sawun shiga ne a sama."

Haga ya gyara tabarau. "Wato mutumin fita ya fara yi."

"Ya fita daga taga zuwa ƙofar baya, ya juyo ya dawo. Babu wanda ya shigo gidan nan daga waje. Ritsuko, ba ke ba ce. Ku biyun ma haka."

Ritsuko ta saki numfashi, ta rufe fuska da hannu ɗaya.

Likita ya buga tafinsa a tabarma. "Me kake nufi, yaro? Ni na saci kayana?"

"A'a, Likita."

"To wa? Mu biyu ne a gidan nan!"

Maganar ta fita kafin ya ji nauyinta. Ya waiwaya. Sumie ta riga ta tashi. Suka ji ta a kicin tana buɗe tukunyar ajiyar shinkafa, ta dawo da wani abu naɗe a farin ƙyalle, ta durƙusa ta warware shi a kan tebur.

Lambar ce, amma ba wadda suka sani ba. Fara fat take, tana ƙyalli kamar sabon cokali. Kurusu ya ja iska ta haƙora. Haga ya rufe ido.

"Wane jahili ne ya yi wannan?" in ji Likita. "Wane mara tausayi? Sumie, ke ce?"

Sumie ta tura ƙyallen gabansa. Ya ɗauki lambar da ƙyallen, ya kai ta kusa da fuskarsa. Ƙamshin na'a-na'a ya bugi hancinsa, na garin goge haƙori. Ya juya ta wajen haske. An bi kowane lungu na rubutun da ƙananan zagaye, a natse, ba a tsallake ko ɗaya ba. Ya san aikin. Hannu ɗaya ne a garin nan yake goge abu haka. Ya ajiye ta, ya buɗe tafukansa, ya dubi faratansa.

A waje, ƙanƙarar da ke narkewa tana ɗiga daga rufi.

"Ranar Juma'a ne, bayan baƙi sun tafi," in ji Sumie a hankali. "Na same ka a wurin wanke hannu da buroshi. Ka ce mini wannan mara lafiyar ya yi sakaci da bakinsa, amma za ka gyara shi. Kana ta murna, maigida. Na daɗe ban ga fuskarka haka ba, sai na kasa hana ka. Da gari ya waye ka manta. Na tuna Lahadi, gari duka zai zo, Malam Haga zai gani, za a ce Oizumi da kansa ya goge lamba. Sai na sa takalminka na lambu na fita. Na ɗauka za a ce wani ɓarawo ne daga nesa, a yi jimami, a manta."

Ta juya wajen Ritsuko, ta kai goshinta har tabarma. "Ban yi tunaninki ba. Da na ji abin da ake faɗa, ya kamata in fito tun jiya da safe, na kasa. Ki gafarce ni."

Ritsuko ta daɗe tana kallon bayan kan tsohuwar. "Jiya na yi kuka, Uwargida, ba zan ce ban yi ba. Ɗago kanki. Na yi jinyar surukata, na san yadda ake ɓoye irin wannan." Ta matso, ta dubi lambar. Sai yanzu ake ganin ɗan injin da aka zana a jiki, da ruwa yana hawa tudu. "Ashe haka take ranar da aka miƙa masa."

Kurusu ya buɗe baki zai faɗi abin da lambar ta rasa a kasuwa, Haga ya dube shi, sai Kurusu ya mayar da bakinsa ya rufe.

"Tun yaushe, Sumie?" in ji Likita.

"Tun sanyin bara."

"Kai fa, Haga? Ka lura?"

"Na lura. Na ɗauka in na yi shiru zai wuce."

Likita ya gyaɗa kai. Hankalinsa a wannan safiyar garau yake, kuma wannan ne ya fi ba Tomeji tausayi. Tsohon ya ce a kai lambar zauren gari yadda take, duk wanda ya tambaya a gaya masa gaskiya, kada wani ya sake ɗaukar laifin da ba nasa ba. In an tashi, Ritsuko ta wuce da ita gida ta yi mata kwanakin da take so. Sannan ya laluba aljihunsa ya ciro makullin kabad, ya tura shi gaban Haga.

"Riƙe. Ko na roƙe ka, ko na zage ka, kada ka ba ni."

Haga ya dubi makullin kamar garwashi. "Rabin rayuwata ina mafarkin makullin nan," in ji shi. "Ba ta haka na so ya zo ba, ɗan banza."

"Ɗauka, kafin in manta na ba ka."

Tomeji ya miƙe ya ɗauki hularsa. Sumie ta raka shi ƙofa, ta tambaye shi ko za a kai ta ofis. Ya ce mai kaya ya kira ya ce kayansa sun ɓata, mai kaya ya ga kayansa, shi bai ga abin da ya rage ba sai zuwa asibitin lardi, kuma in suna so shi zai kai su a motarsa.

Kafin azahar gari ya ji. Waɗanda suka fi ɗaga murya ranar Asabar su suka fi yin shiru, mai shagon shinkafa kuwa ya yi mako guda yana gaishe da Ritsuko da rusunawar da ta fi ta kullum zurfi.

Daga nan kullum da la'asar Haga yakan taho da makulli a aljihu. Ya buɗe kabad, su sa fararen safar hannu, Likita ya ɗauko lamba ya ba da labarin mai ita, wata rana sau biyu, wata rana sau uku. Da farko Haga ya daina musu. In Likita ya rikita shekara ko ya ba wani maƙeri injin wani, sai ya ce haka ne. Rannan Tomeji ya biyo ya kawo wa Sumie maganin da aka rubuta, ya tarar da su a zaune. Likita ya faɗi wata shekara, Haga ya ce haka ne. Likita ya ajiye lambar, ya dube shi da damuwa.

"Haga, ba ka da lafiya ne?"

Haga ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Lafiyata ƙalau," in ji shi. "Shekarar ce ka faɗa ba daidai ba, kuma ba yau ka fara ba."

"Ni? Kai da ko azurfa da dalma ba ka rarrabewa!"

Tomeji ya ajiye maganin a bakin ƙofa ya fito. Har ya kai titi yana jin muryoyinsu.